Ruwa Ba Ya Tsami Banza

A Potosí, inda numfashi ke da tsada,
makarantarmu na gindin dutsen da ake haƙa.
Ran Laraba Malama Teodora Choque ta ce
kowa ya zo da gorar roba
da ruwan da ya fi muni a unguwarsu.

Delfina ta ɗebo na kwatar kasuwa,
har da ɓawon dankali yana iyo.
Saturnino ya kawo na kududdufin dabbobinsu.
Ni ban sha wahala ba:
rafin da ke fitowa daga bakin ramin kuza
ta bayan gidanmu yake bi,
jawur, kamar an jiƙa tsatsa.

Muka yanke gindin gora, muka kifa ta.
Auduga a maƙogwaro,
sai gawayin da Malama ta daka da daddare,
baƙinsa na nan a ƙarƙashin farcenta,
sai yashi, sai tsakuwa a bisa.
Sanyi ya sandarar mini da yatsu,
rabin yashina a ƙasa ya ƙare.

Na tsiyaya.
Shiru.
Aji mai mutum talatin da huɗu
ya tsaya yana sauraron gora.

Ɗis.
Can kuma, ɗis.
Kafin a kaɗa ƙararrawa
kofina ya kai rabi, garau,
ina hango layukan tafin hannuna ta cikinsa.
Na Delfina bai gama washewa ba.
Nawa ya fi na kowa,
har aka yi mini tafi.

Saturnino, sarkin garaje,
ya sure kofin zai kai baki.
Ban taɓa ganin Malama da gudu ba sai ranar.
Ta riƙe masa wuyan hannu, tana haki,
ta ce, “Ido ya gama nasa.
Saura abin da ido bai iya ba.”

Ta zaro wata 'yar takarda shuɗiya,
ba ta kai tsawon ashana ba.
Ta tsoma a ruwan sama: shuɗiya ta fito.
Ta tsoma wata a nawa.
Muna kallo ta rine, ta koma ja,
jan da na zaci na baro a cikin yashi.

“Laka baƙuwa ce,” in ji ta,
“a ƙofa ake tare ta.
Wannan kuwa ya zama ɗan gida,
ya narke, ya bi ruwa har ɗaka.
Yashi bai san shi ba.”

Ta ba mu gwangwani biyu da wake huɗu.
Ɗaya ruwan sama, ɗaya ruwana mai kyan gani.
Ni aka ɗora wa ban ruwa.
Kwana goma sha ɗaya ina rubuta tsawo a littafi,
shafin dama yana ƙaruwa,
na hagu sifili, sifili,
sai wani ɗan tsiro da ya leƙo
ya lanƙwashe kamar ƙugiya, ya fasa.

Ranar na koma gida da wuri.
Na tarar da innata a bakin rafin
tana murza rigar aikin babana,
hannuwanta duk sun tsage,
abin da kullum muke ɗora wa sanyi.
Ta ɗago ta ce, “Yaya gwajin naku?
An ce kai ka zo na ɗaya.”

Takardar na cikin aljihuna, ta bushe da janta.
Na taɓa ta, ban fito da ita ba.
Na ɗauki jarkoki biyu
na nufi famfon da ke bakin coci,
tafiyar rabin awa, dawowa duk hawa.

Ta bi ni da kallo, ta yi dariya:
“Yau kuma wa ya aike ka?”